Masu Tara Tsofaffin Libarba Da Masassaƙan Da Ke Yi Musu Ƙota

Cikin watan Agusta na shekarar 2021 aka yi wani gwanjo a birnin Los Angeles na ƙasar Amurka, inda aka sayar da wata tsohuwar ƙaramar bindiga guda ɗaya tak a kan kuɗi fiye da dala miliyan 6. Ba a yi wa bindigar nan wani ado na a-zo-a-gani ba, a zamanin da aka ƙera ta kuwa, sabuwarta ful ba ta kai dala ashirin a kanti ba. Abin da ya ɗaga darajarta shi ne, da ita wani ɗan doka mai suna Pat Garrett ya harbe gawurtaccen ɓarawon shanun nan da ake kira Billy the Kid cikin watan Yuli na 1881, kuma akwai takardun da suka bi sawunta daga wannan hannu zuwa wancan har ta iso teburin dillali.

Irin wannan bindiga ita ce Hausawa suke kira libarba, watau ƙaramar bindiga mai wata 'yar ganga a tsakiya wadda aka huda wa ramuka biyar ko shida. Kowane rami yana ɗaukar harsashi ɗaya, in aka harba wannan sai gangar ta juya ta kawo na biye da shi. Duk wanda ya taɓa shiga sinima ya kalli fim ɗin kaboyi ya san kamanninta. A Amurka, da kuma waɗansu ƙasashen Turai, akwai mutane dubbai waɗanda ba su da wata sha'awa da ta wuce tara tsofaffin libarba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. To, abin mamaki a cikin sha'anin nan shi ne, sashen bindigar da aka fi yin gardama a kansa shi ne wanda ya fi kowane sauƙin cirewa, watau ƙota, 'yan guntayen itace ko ƙashin nan da aka ɗaure a inda hannu yake kamawa.

ASALIN LIBARBA

Mutumin da sunansa ya fi fita wajen ƙirar libarba shi ne Samuel Colt, wanda aka haifa a garin Hartford na Jihar Connecticut cikin 1814. Gwamnatin Amurka ta ba shi takardar mallakar ƙirarsa cikin 1836, ya kafa masana'anta a garin Paterson, amma ciniki bai yi auki ba, kamfanin ya durƙushe cikin 1842. Yaƙin da aka gwabza tsakanin Amurka da Meziko shi ya farfaɗo da shi. Wani hafsa daga Teksas, Kyaftin Samuel Walker, ya zo masa da shawarar a ƙera wata babbar libarba domin mahaya dawaki, aka kuwa ƙera guda 1,100 cikin 1847. Nauyin kowace ɗaya ya kai kimanin kilo biyu, shi ya sa a jikin sirdi ake rataya ta. Da yawansu sun fashe ko sun salwanta a fagen fama, 'yan kaɗan suka rage. Cikin 2018 kamfanin gwanjo na Rock Island ya sayar da ɗaya daga cikinsu a kan dala miliyan 1.84.

Colt ya iya tallar hajarsa ƙwarai. Ya kai bindigoginsa babban bajekolin da aka yi a Landan cikin 1851, cikin 1854 kuma ya miƙa wa Sarkin Rasha Nicholas na Ɗaya kyautar libarba waɗanda aka yi wa zane da zinariya, suna nan ajiye a gidan tarihi na Hermitage. Ya rasu cikin 1862, bai ga bindigar da ta fi ɗaukaka sunansa ba, watau Single Action Army wadda sojan Amurka suka karɓa cikin 1873. Ita ce ta hannun Pat Garrett, ita ce kuma aka fi gani a finafinan kaboyi. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya sa a dakatar da ƙirarta an yi fiye da guda 350,000, sa'an nan aka komo da ita cikin 1956, bayan finafinai da talabijin sun sake cusa wa jama'a sonta.

Babban abokin hamayyar Colt shi ne kamfanin Smith & Wesson na garin Springfield, wanda cikin 1857 ya fito da libarba mai cin harsashi na kwanson ƙarfe, a lokacin da mafi yawan sauran bindigogi sai an ɗura musu albarushi da dalma. A Ingila kuwa, kamfanin Webley na birnin Birmingham shi ya riƙe kambi. Sojan Ingila sun karɓi libarbarsa cikin 1887, ta bi hafsoshinsu ƙasashen da suka mallaka, ta kuma yi Yaƙin Duniya na Farko.

ABIN DA MAI TARAWA KE NEMA

Masu tara libarba iri-iri ne. Wani kayan kamfani ɗaya yake bi, wani kuwa na zamani ɗaya, kamar na yaƙin basasar Amurka da aka yi daga 1861 zuwa 1865. Wani ba ya sayen bindiga sai wadda aka san wanda ya riƙe ta. Akwai kuma masu bin na baya-bayan nan, kamar Colt Python da ta fito cikin 1955, ko Model 29 ta Smith & Wesson wadda fim ɗin Dirty Harry na 1971 ya sa ta yi wuyar samu a kantuna. Sukan haɗu a manyan kasuwannin baje koli, irin wadda ake ci a garin Tulsa na Jihar Oklahoma, inda ake jera tebura fiye da dubu huɗu.

Amma duk bambancinsu, magana ɗaya ce ta haɗa su: bindiga ta kasance yadda ta fito daga masana'anta. Idan mai tarawa ya ɗauki libarba, sai ya fara duba lambar da aka buga a jikinta. A tsofaffin Colt akan buga lambar nan a wurare da dama, dole kuwa duka su zo ɗaya, in ba haka ba an san an yi mata ɗori da kayan wata. Sa'an nan ya duba launin ƙarfen. Masana'anta sukan rina ƙarfe ya yi baƙi mai shuɗi-shuɗi domin maganin tsatsa, masu ciniki kuma sukan ƙiyasta kashi nawa cikin ɗari na launin nan ya rage. Wanda bai san kan abin ba, in ya gaji bindigar kakansa ya ga ta koɗe, yakan kai ta a goge a sake rina ta tana ƙyalli. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido, domin gugar nan takan cinye kaifin rubutun da ke jikin ƙarfen, kuɗin bindigar kuma ya faɗi warwas.

Bayan wannan sai takarda. Kamfanin Colt yana riƙe da tsofaffin littattafan da aka rubuta kayan da suka fita daga masana'antarsa, haka nan akwai masu kula da na Smith & Wesson. Mutum yakan aika da lambar bindigarsa tare da kuɗi, a aiko masa da wasiƙa mai nuna ranar da aka fitar da ita, da dillalin da aka aika wa, da tsawon bututunta, sau da yawa har da irin ƙotar da ta fito da ita. A nan ne asirin mai algus yakan tonu. Idan wasiƙa ta ce ƙotar roba, ga shi kuwa bindiga tana ɗauke da ta hauren giwa, to, an san daga baya aka sa mata.

ƘOTA TANA BA DA SHAIDA

A zamanin da, ƙota ba ta shiga kowace bindiga. Ma'aikaci yakan ɗaura itacen a jikin ƙarfen, ya goge su tare har su haɗe sumul, yadda farce ba zai ji gaɓa a tsakaninsu ba. Da yake aikin hannu ne, ƙotar wannan bindiga ba ta zama daidai a jikin waccan, ko da ƙira ɗaya ce. Domin kada su ruɗe lokacin da aka rarraba su za a rina ƙarfen, sai a rubuta lambar bindigar a cikin ƙotar. A Colt da tawada ko fensir akan rubuta, Smith & Wesson kuwa sun daɗe suna buga lambar a cikin ɓarin dama. Saboda haka mai saye da ya san abin da yake yi yakan nemi izini a kwance noti ya leƙa ciki kafin ya yi tayi.

Bindigogin soja suna da wata shaidar kuma. Gwamnatin Amurka takan aika da sufeto masana'anta ya duba kayan da ta saya, wadda ya yarda da ita sai a buga haruffan sunansa a jikin itacen ƙotar. Sufeton da ya duba rukunin farko na Single Action Army cikin 1873 da 1874 shi ne Orville Ainsworth. Daga cikin waɗannan ne aka raba wa rundunar mahaya ta Bakwai, wadda jarumawan ƙabilun Lakota da Cheyenne suka karkashe mata shugabanta George Custer da mutanensa a bakin kogin Little Bighorn cikin watan Yuni na 1876. Don haka 'yan haruffa uku da suka kusa shafewa a jikin guntun itace suna iya ninka kuɗin bindiga. Inda kuwa aka sami irin wannan riba ba a rasa 'yan damfara, masu sassaƙa hatimin jabu su buga a kan itace, su shafa masa mai da datti ya yi kama da tsoho. Masana sukan duba zurfin hatimin, su gwada shi da irin cin da hannu ya yi wa itacen da ke kewaye da shi, domin ba ya yiwuwa itace ya suɗe hatimin da ke kansa yana nan da kaifinsa.

MASU SASSAƘA

To, in haka ƙotar asali take da daraja, me ke sa mutum ya cire ta ya sa wata? Dalili na farko shi ne hannu. Masana'anta ƙota ɗaya take yi wa kowa, hannuwan 'yan Adam kuwa ba ɗaya ba ne. Ƙotar Single Action Army lanƙwasasshiya ce, har Amurkawa suna kamanta ta da ƙotar garma, in aka harba sai ta mirgina sama a cikin tafi, ta rage wa mai harbi zafin duka. Amma libarbar da suka biyo baya, irin na 'yan sanda da masu gasar harbi, ƙotarsu siririya ce, akwai kuma wani gurbi a bayan zoben da ke kare kunama inda ƙarfe yakan bugi gaɓar ɗan yatsan tsakiya. Da harsasai suka ƙara ƙarfi, musamman bayan fitowar .357 Magnum cikin 1935, sai matsalar ta daɗa tsananta.

Wani Ba'amurke mai suna Walter Roper yana cikin waɗanda suka fara yi wa abin magani a shekarun 1930. Shi yake tsara fasalin, wani gwanin masassaƙi mai suna Mathias Gagne yake sassaƙawa. Ƙotarsu takan cike gurbin nan, ta kuma yi ɗan tudu inda tafi yake zama. Bayansu Steve Herrett na Jihar Idaho ya yi suna, shi ne akan ɗora hannu a kan takarda a zana kewayensa a aika masa ta gidan waya, ya sassaƙo ƙota daidai da hannun. Frank Pachmayr na Los Angeles ya shahara da ta roba mai laushi, Guy Hogue kuwa ɗan sanda ne a birnin, ya fara da yi wa abokan aikinsa, cikin 1968 abin ya zama kamfani.

Aikin yana bukatar haƙuri. Da farko akan nemi itacen da ya bushe sarai, domin ɗanye yakan motsa bayan an gama aiki. Akan tsaga guntu ɗaya biyu don zanen jikin itacen ya yi daidai dama da hagu. Sa'an nan a shafa wa ƙarfen bindigar baƙin hayaƙin fitila, a danna itacen a kai, a ɗaga. Duk inda baƙi ya taɓa, nan ne itace ya yi tudu, sai a kankare shi kaɗan, a sake shafawa, a sake dannawa, har sai ya zauna daram. Daga nan a fitar da siffar waje da magagari, a goge, a bi da mai shafi bayan shafi, kowane sai ya bushe kafin a ƙara wani. A ƙarshe akan tsaga masa siraran layuka masu gicciye juna, kimanin ashirin a kowane inci, don kada gumi ya sa hannu ya zame. Layi ɗaya in ya kauce, ido zai gan shi har abada.

Masu wannan sana'a suna da ƙa'ida wadda ba a ƙetarewa: itace ake sassaƙawa ya bi ƙarfe, ba a taɓa ƙarfen tsohuwar bindiga da zarto don ya bi itace. Mai bindiga kuma, in yana da hankali, yakan naɗe ƙotar asali ya rubuta mata lamba ya adana, ran da zai sayar ya mayar da ita. Da wannan ne aka sasanta tsakanin mai son tarihi da mai son jin daɗin hannunsa. Wani abin ban sha'awa kuma, yau ƙotar Roper ita kanta ta zama abin tarawa, ana sayenta da tsada ko babu bindiga a jikinta. Abin da jiya aka ɗauka ɓata kayan asali ne, shekaru sun mai da shi kayan tarihi.

HAURE DA ƘAHO

Dalili na biyu na sake ƙota shi ne ado. Itacen walnat shi ne na yau da kullum, daga farkon shekarun 1880 kuma Colt ya shiga yin ta baƙar roba mai tauri. Masu hali kuwa sukan nemi ta ɓawon kawa mai walƙiya, ko ta ƙahon wata babbar barewar Indiya da ake kira Sambar, ko ta hauren giwa. Janar George Patton, wanda ya yi suna a Yaƙin Duniya na Biyu, yana da Colt da ya saya cikin 1916 da kuma Smith & Wesson ta 1935, dukansu da ƙotar haure mai ɗauke da haruffan sunansa. Haure yana da sanyi a hannu, in ya tsufa kuma yakan yi ruwan zuma, ya yi 'yan tsage-tsage, masu tarawa kuwa suna son ganin haka.

A nan ne sha'anin ya taɓo Afirka. Jihar Connecticut, inda masana'antar Colt take, ita ce kuma cibiyar sarrafa haure ta Amurka a ƙarni na sha tara, ana kawo shi ta jiragen ruwa daga Zanzibar. Gaskiya ne mafi yawansa a kan madannan fiyano da matazai da ƙwallayen wasan tebur ya ƙare, ƙotar bindiga kaɗan ta ci, amma duka daga jikin giwa ɗaya suka fito. An ƙiyasta cewa giwayen Afirka sun ragu daga kimanin miliyan 1.3 cikin 1979 zuwa kimanin 600,000 cikin 1989, shekarar da ƙasashen duniya suka amince a hana cinikin haure tsakanin ƙasa da ƙasa. Amurka ta daɗa tsaurara dokarta cikin 2016, ta Ingila kuma ta fara aiki cikin 2022. Nijeriya ma, wadda 'yan fasa-ƙwauri suka mayar da tashoshinta hanyar fitar da haure, ta farfasa kimanin tan biyu da rabi da aka kama, a Abuja cikin watan Janairu na 2024.

Saboda haka mai libarba da ke da ƙotar haure, in zai sayar, sai ya kawo hujjar shekarunta. Masassaƙa kuma sun koma ga ƙashi, da roba mai kama da haure, da hauren wata giwa mai gashi wadda ta ƙare a duniya tun dubban shekaru, ana tono shi daga daskararriyar ƙasar Saiberiya. Ma'aikatan kwastan suna rarrabe su ta wurin waɗansu siraran layuka da ke gicciye a cikin hauren: na giwar yau kusurwarsu a buɗe take, na waccan kuwa a matse. Itatuwa ma ba su tsira ba. Indiya ta hana fitar da ƙahon Sambar a ƙarshen shekarun 1990, jan itacen nan na Barazil da ake kira Dalbergia nigra an hana cinikinsa tun 1992, cikin 2017 kuma aka sa sauran danginsa a ƙarƙashin sa ido.

DOKA

Duk da zane da haure da takardun tarihi, libarba makami ce, tsufa kuwa ba ya hana ta kisa. Dokar tarayyar Amurka ta 1968 ba ta lissafa bindigar da aka ƙera cikin 1898 ko kafin nan a cikin makaman da ake bi wa ƙa'idar ciniki, ko da yake jihohi suna da nasu dokoki. Ingila ta hana jama'a mallakar ƙananan bindigogi cikin 1997, bayan da wani mutum ya harbe yara goma sha shida da malamarsu a makarantar firamare ta Dunblane cikin 1996, amma aka bar wa masu tarawa kafa a kan tsofaffin da aka daina yi wa harsashi. Miyagu suka gano kafar nan. Cikin 2017 kotu a Birmingham ta ɗaure wani dillalin tsofaffin bindigogi shekara talatin, saboda yana sayar da su tare da harsasan da yake haɗawa da hannunsa, suna ƙarewa a hannun 'yan daba. Cikin 2021 gwamnati ta cire iri bakwai na harsashi daga jerin waɗanda aka ce sun tsufa, duk mai bindigar da ke cin su sai ya nemi lasin ko ya rabu da ita.

A Nijeriya kuwa maganar a fili take. Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba da sauran ƙananan bindigogi a cikin haramtattun makamai, waɗanda ba mai ikon ba da lasinsu sai Shugaban Ƙasa, ba ta kuma ware tsohuwa daga sabuwa ba. Wanda ya tarar da irin wannan a cikin kayan gado, ko ta yi tsatsa, ko ba ta da harsashi, hanyar da ta fi masa lafiya ita ce ya sanar da 'yan sanda. Mai sha'awar ganin aikin maƙera da masassaƙan da aka ambata, in tafiya ta kai shi, akwai gidan tarihin makamai na Royal Armouries a birnin Leeds na Ingila, da na garin Cody a Jihar Wyoming ta Amurka. A can bindigogin suna jere a bayan gilashi, kusa da kowace akwai 'yar takarda mai nuna wanda ya ƙera ta da shekarar da aka ƙera ta.